Madatsar ruwa ta Bagauda a jahar Kano: tarihin ɗan baraji mai ayyuka biyu

Gabatarwa

Duk wanda ya bi abin da aka rubuta bisa ruwan ƙasar Kano daga 1970 zuwa yau, zai tarar sunan Tiga ne ya cika takardu. Madatsar Bagauda, wadda ta girme ta da shekara huɗu, galibi layi biyu take samu: an gina ta a 1970, ta fashe a 1988. A wannan takarda muna son mu tsaya tsakanin waɗannan shekaru biyu, sa'an nan mu ɗan ƙetara su, domin a ganinmu tarihin wannan ƙaramin gini na ƙasa yana bayyana wani abu da babban ginin yake ɓoyewa. An yi Bagauda don ayyuka biyu, wato ba da ruwan noman rani da kuma zama wurin shaƙatawa. Aikin farko ya ragu ƙwarai tun tana ƙuruciya, na biyu ya zauna, kuma ayyukan nan biyu ba abu guda suke nema daga tabki ba. Wannan saɓani shi ne zaren da za mu bi.

Game da kalmomi: abin da muke kira baraji a Nijar, daga faransanci, shi ne ƴan Nijeriya ke ce wa dam. Za mu yi amfani da madatsa da baraji ba tare da bambanci ba. Tulin ƙasar da ke tare ruwa za mu kira shi bango, ruwan da ya taru bayansa tabki, hanyar da aka buɗe don rarar ruwa ta fita kuma makwarara.

Kano a 1967

A watan Mayu na 1967 Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jahohi 12, tsohon lardin Kano ya zama jaha mai kanta, aka naɗa mata gwamna Audu Bako, kwamishinan ƴan sanda. Ya riƙe ta har juyin mulkin Yuli 1975. Jahar da ya gada tana cikin mafi cunkoson jama'a a ƙasar Hausa duka. Kewayen birni gona take manne da gona, ana noma ta kowace shekara da taki ba hutu, kuɗin talaka da na hukuma kuwa daga gyaɗa suke fitowa. Ƙasar da za a ƙara sharewa ta yi kaɗan. Abin da ya rage shi ne a ƙara lokacin noma, a sa gonar da ke kwance wata bakwai na rani ta yi aiki. Noman rani ba baƙo ba ne ga Bakano, da jigo da rijiyoyin fadama an daɗe ana yin albasa da alkama da rake, to amma fadama tana da iyaka. Koguna kuwa, na Kano da na Calawa, sukan cika su tumbatsa cikin Agusta, kafin tsakiyar rani sai yashi.

Tunanin tare wannan ruwa ya riga Audu Bako. Masanan Amurka sun yi nazarin ruwa da ƙasa na yankin tabkin Cadi cikin shekarun 1960, daga baya kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ya tsara shirin noman rani na kogin Kano. Abin da gwamnan ya kawo shi ne gaggawa. Ana tsakiyar yaƙin basasa, wanda bai ƙare ba sai Janairu 1970, kuɗin man fetur bai fara malala ba tukuna, amma jahar ta shiga ginin madatsu da kanta. Bagauda, a ƙasar Bebeji kudu da birni, tana cikin na farko. Bayanta aka jero wasu cikin shekara goma: Ƙaraye, Tomas, Jakara, Kafin Ciri, Tudun Wada, Gari, Watari da sauransu, har suka kai wajen 20 a tsohuwar jahar, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yanzu.

Sunan da aka ba ta ma abin lura ne. Bagauda, bisa ga littafin tarihin sarakunan Kano da H. R. Palmer ya fassara a 1908, shi ne sarkin Kano na farko, ɗan Bawo jikan Bayajidda, kuma ana sa hawansa a shekara ta 999. Sabuwar jaha da ke neman nuna cewa ita ba reshen Kaduna ba ce, ginin zamaninta ya zo ɗauke da sunan mafarin sarautarta.

Yadda bangon ƙasa yake rayuwa

Sai mun ɗan tsaya a kan ginin kansa, in ba haka ba abin da ya faru a 1988 ba zai fahimtu ba. Barajin ƙasa ba siminti ne ke riƙe shi ba, nauyinsa ne. Ana haƙo ƙasa daga kusa da wurin, a shimfiɗa ta hawa hawa, a jiƙa kowane hawa daidai gwargwado, a danne shi da mota mai nauyi kafin a ɗora wani. Tsakiyar bango ana cika ta da yumɓu don ya hana ruwa ratsawa, gefen da ke fuskantar tabki a lulluɓe shi da duwatsu saboda igiyar ruwa, ɗaya gefen a shuka ciyawa. Arha gare shi, kayansa suna nan a wurin, kuma ma'aikatar ayyuka ta jaha tana iya yinsa da motocinta da leburorinta. Dalilin da ya sa ya yaɗu ke nan daga Kano har Adar.

Sai dai bangon ƙasa yana da abokan gaba da siminti bai san su ba. Babbansu shi ne ruwa ya hau kansa. In tabki ya cika, makwarara ta kasa fitar da abin da ke shigowa, ruwa ya fara bin saman bango, to cikin ƴan awoyi zai zaizaye gefen baya ya buɗe gibi, gibin kuma yana faɗaɗa kansa da kansa. Na biyu yana aiki a ɓoye. Kowane bangon ƙasa yana tsatsafo, wannan ba aibi ba ne muddin ruwan da ke fita garai yake. Ranar da ya fara fitowa da laka, alama ce yana ɗebe cikin bango yana yin rami, ramin da zai girma shekara da shekaru ba wanda ya gani. Saiwar itace tana buɗe masa hanya, haka gara da zago in sun yi gida a jikin bango, haka ramin gafiya. Sawun shanu masu gangarawa mashaya yana zama kwari in damina ta zo.

Maganin duk wannan ba ya da ban sha'awa ko kaɗan: mutum ya taka bangon a ƙasa mako mako, ya sare itace tun yana tsiro, ya tone suri, ya auna tsatsafo ya rubuta a littafi, ya gwada ƙofar sakin ruwa ya ga ko tana buɗuwa. Aiki ne da ba a yanke masa ƙyalle, ba a sa shi a rediyo, kuma kasafin kuɗinsa shi ne na farkon da ake zaftarewa.

Kadawa, sa'an nan Tiga

Tabkin Bagauda yana ɗaukar ruwa kimanin mita-kubik miliyan 22. Aikin da aka fara ba shi shi ne shayar da gonar gwaji ta Kadawa, inda aka soma jarraba abin da ake son yi a faɗin shirin kogin Kano: alkama da tumatir da rani, ruwa na bin lambatu da ƙarfin gangara ba da famfo ba, manomi yana karɓar rabonsa bisa jadawalin hukuma. Can aka fara sanin wace alkama ke jure zafin Maris, da yadda mutanen da suka saba jiran sama za su saba da jiran ma'aikacin ƙofar ruwa. Bagauda ke nan ta zama kamar makarantar share fage ta shirin duka.

Ana wannan gwaji ana ginin Tiga kusa da ita, bisa kogin Kano kansa, aka gama a 1974. Ita ma bangon ƙasa ce, amma tabkinta ya tasar ma mita-kubik miliyan 2,000, wato wajen ninki 90 na Bagauda, kuma sai da aka tashi dubban mutane daga garuruwansu kafin a cika shi. Ta zo daidai ƙarshen farin 1972 zuwa 1974, wanda ya sa duk wani mai shakkar baraji ya yi shiru, ta kuma zo daidai hauhawar kuɗin mai. Da babban lambatun Tiga ya fara kai ruwa filayen Kadawa da Kura, nauyin shirin ya koma kanta. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, hukumar Haɗeja da Jama'are ta karɓi Tiga da shirin noman, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000, yawancin ƙananan madatsu kuwa suka zauna hannun jaha.

Masu bincike ma can suka bi. Tina Wallace ta duba yadda shirin ya shafi ƙananan manoma, Gunilla Andrae da Björn Beckman suka fitar da littafinsu kan siyasar alkama a 1985, W. M. Adams da abokan aikinsa suka bi ruwan zuwa fadamun ƙasa. Dukansu Tiga ce a gabansu, kuma da hujja. Amma sakamakon shi ne ƙaramin barajin ya fita daga idon masana kamar yadda ya ragu a idon masu tsara noma.

Otel a bakin tabki

Aiki na biyu ya fito daga wani gefe na tunanin Audu Bako. Mutumin da ya gina madatsu shi ne ya buɗe gidan namun daji na Kano, kuma a zamaninsa jahar ta ɗauki yawon buɗe ido a matsayin sana'ar da hukuma za ta zuba wa jari. A bakin tabkin Bagauda aka gina otel mai ɗakunan baƙi da wuraren taro, a Tiga ma aka yi wani, Rock Castle. Shekaru da dama sunan Bagauda a bakin ma'aikacin gwamnati yana nufin wurin da ake zuwa taron ƙara wa juna sani ko hutun ƙarshen mako.

A nan muna da abin cewa. Zama a kalli ruwa don nishaɗi ba al'adar mutanen karkarar ba ce. Ga Babebeje ko Bafillacen da ke wucewa, tabki mashaya ne, wurin su ne, wurin wanki da yin tubali, kuma ga yaran da ke iyo cikinsa wurin ɗaukar tsargiya ne, cutar da ta bi tabkunan madatsu da lambatu a ƙasar Kano. Shaƙatawar da aka tsara ta wasu ce: manyan ma'aikata, ƴan kasuwa, Turawa da sauran baƙin kamfanoni. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa, otel ya ba mutane aiki ya kuma kawo wa jaha suna. Abin da ya dame mu shi ne abin da kowane ɗaya daga masu amfani da tabkin ke so a yi da tsayin ruwa.

Mai otel yana son tabki cike kullum. Ruwan da ya ja baya ya bar laka da sauro a gaban ɗakunan baƙi hasara ne gare shi. Masunci ma cika yake so. Manomin rani yana son a tara da damina a sakar masa daga Nuwamba zuwa Afrilu, ko da tabkin zai koma kududdufi. Injiniyan da ke tsoron ambaliya kuwa yana son Agusta ta tarar da wuri a buɗe, don tabki ya haɗiye ruwan dare ɗaya kafin makwarara ta cika. Muddin noman rani ne babban aikin baraji, buƙatar manomi da ta injiniya suna tafiya tare, domin abin da manomi ya sha da rani shi ne wurin da injiniya ke nema da damina. In noma ya ragu kallo ya rage, wannan haɗin kai yana warwarewa, tabki yakan shiga damina da ruwa fiye da da. Ba muna cewa otel ne ya fasa Bagauda ba. Muna cewa baraji mai iyayengiji da yawa, wannan na kula da ɗakuna, wancan da kifi, wani da lambatu, yana cikin haɗarin rasa wanda bango ne kaɗai aikinsa.

A ƙara da halin kuɗi. Farashin mai ya faɗi tun farkon shekarun 1980, a 1986 gwamnatin Ibrahim Babangida ta shiga shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta zube, ma'aikatun jahohi suka koma da ƙyar suke biyan albashi, balle sayen kayan gyaran motocin haƙa. Shekarun kuma na fari ne: 1983, 1984, har 1987. Baraji a shekarar fari ba ya ba kowa tsoro. Abin da ake kuka da shi rashin cikarsa ne.

Agusta 1988

Daminar 1988 ta zo da ƙarfin da aka daɗe ba a gani ba a faɗin Sahel. A farkon Agusta ruwa ya ci Khartum, babban birnin Sudan. A Kano aka yi ta tafka ruwa, gidajen ƙasa suka riƙa rushewa a birni da ƙauye, a tsakiyar watan kuma bangon Bagauda ya karye. Ruwan da aka tara ya gangara lokaci guda bisa gonakin da hatsinsu ya fara fitar da kai da ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa. An rasa rayuka, an rasa gidaje da dabbobi da amfanin shekara. Muna jan hankalin ɗalibai cewa ɓarnar wannan wata iri biyu ce, ta ruwan sama da ya rusa gidaje a faɗin jahar da ta fashewar baraji, kuma wajibi ne mai nazari ya rarrabe su, don saurin haɗa su wuri guda yana ɓata lissafin kowace.

Bangon ya yi shekara 18. A ma'aunin barajin ƙasa wannan ƙuruciya ce, ana gina irinsa da fatan ya wuce shekara hamsin. Kuma mafi yawan shekarun nan 18 sun faɗo cikin zamanin fari mafi tsanani da yankin ya gani a ƙarni na 20. Mutanen da suka gina gida ko suka share gona a kwarin da ke ƙasa da shi sun yi haka ne da sanin ƙoramar da aka ɗaure, wadda ta daina yin ambaliyar shekara shekara da a da take tuna wa kowa iyakarsa.

Abin da ƙarami ya jawo wa babba

Babban sakamakon fashewar a Tiga ya bayyana. In bango mai miliyan 22 ya yi wannan ɓarna, me bango mai kusan miliyan 2,000 zai yi, ga shi irin gini ɗaya, zamani ɗaya, kuma ga garuruwa jere ƙarƙashinsa har Wudil da Haɗeja? Hankalin hukuma ya koma kan lafiyar Tiga, aka riƙa rage ruwanta, a 1992 kuma aka sassare makwararta aka rage tsayinta da mita 3.5. Wannan ya rage abin da tabkin ke iya riƙewa da kusan kashi ɗaya cikin uku, wato ninkin Bagauda sama da ashirin. A wannan shekara ta 1992 aka gama madatsar Calawa, wadda ta tare ɗaya babban reshen kogin Haɗeja.

Daga nan zancen ya shafe mu kai tsaye. Kogin Kano da na Calawa su ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, shi kuma ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ya gamu da na Jama'are, abin da ya tsira ya zama Komadugu Yobe, wadda a ƙarshenta ita ce iyakar Nijar da Nijeriya a jahar Difa, inda ake noman tattasai da ruwanta. Miliyan 22 na Bagauda ba su da wani nauyi a Difa, kuma mafi yawan ruwan da ke isa can daga Jama'are yake zuwa. Nauyin yana ga jimillar madatsun da yadda ake sakinsu. Sun rage ambaliyar damina da shinkafa da kifi da makiyayar fadama ke rayuwa a kanta, sun sa ruwa yana gudu da rani a inda da yake bushewa, kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Yarjejeniyar Maiduguri ta 18 ga Yuli 1990 tsakanin ƙasashen biyu ta ambaci kwaruruka huɗu da suke tarayya a kai: Magiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, sai ƙarshen Komadugu Yobe. Ƙarshen kogin aka rubuta, alhali ƙofofin da ake buɗewa da rufewa suna can mafarinsa, ɗaruruwan kilomita daga iyaka. Mutanen Maraɗi sun san irin wannan lissafi tun da aka gama madatsar Jibiya bisa kogin Gada.

Akwai kuma kamanni da barajojin ƙasa na Adar da Magiya, irin su Ibohaman, da Mozage da Zango masu shayar da filin noman Ƙwanni, waɗanda suka fito daga tunani iri ɗaya na tare ruwan damina. Can cutar da ta fi cin su yashi ne da laka da ke gangarowa daga tuddan da suka rasa itace, suna cike tabki sannu sannu. Tabkin da laka ta ci rabinsa kuwa ya rasa rabin wurin da zai haɗiye ruwan dare ɗaya, sai nauyi duka ya koma kan makwarara.

An sake gina bangon Bagauda, tabkin ya komo. Cibiyar ICRISAT, wadda muka sani da tasharta ta Sadore kusa da Yamai, ta yi gwajin irin dawa a gonarta ta Bagauda cikin shekarun 1990, jahar Kano kuma ta yi amfani da wurin wajen ƙyanƙyasar kifi da horar da masu kiwonsa. Otel ɗin dai bai sake komawa matsayinsa ba. A farkon shekarun 2000 gine-ginensa suka zama reshen Kano na makarantar horar da lauyoyi ta Nijeriya, ɗakunan baƙi suka koma makwancin ɗalibai.